Zanin Gado a Bangon Zango

Fim ɗin bai cika awa guda ba.
Cima ce ta ɗauke shi da wayar yayanta,
ta rataya zanin gado a bangon gidansu a Zango,
ta ce kowa ya zo da abin zamansa.
Ni bokiti na kawo, na kife.

Ba a harbi kowa ba a ciki.
Ba wanda ya yi arziki dare ɗaya.
Wani tsohon baduku ne da idonsa ya soma hazo,
da wata 'yar lakwal da ruwan sama ya koro rumfarsa.
Ita ke zura masa zare.
Shi ke sauraron haddar lissafinta,
bai gane ko ɗaya ba,
amma yana gyaɗa kai yana cewa, haka ne, haka ne.

Minti uku cur muna kallon zare yana neman kafar allura.
Yaran da suka hau katanga suka yi tsit.

Iska ta cinye rabin maganarsu.
Akuya ta ratsa ta gabansu, ba a kore ta ba.
Sau biyu na ga inuwar Cima a ƙasa, da gwiwar hannunta.
Manyan finafinai sukan kulle ƙofa su bar ka a waje kana leƙe.
Wannan ƙyaurensa ma bai zauna daidai ba,
shi ya sa muka shige.

Sai wuta ta ɗauke.

Cikin duhun wani ya taɓa kafaɗata,
hannu busasshe, mai ƙanshin goro.
Ya ce, yaro, kafin ta ɗauke,
yarinyar nan dariya take ko kuka?
Na ce, tsakani.
Ya ce, to, mai ɗaukar ta iya.

Malam Kiyari ke nan.
Shekara ashirin yana juya faifan silima a garin nan,
tun ina cikin ƙaddara.
Ya ce in fim ya tsinke, 'yan kallo su yi ta zaginsa har kakarsa,
shi kuwa yana liƙi yana murmushi,
don zagin shaida ne cewa labarin ya kama su.

Da wuta ta dawo sai na zama idonsa.
Ina raɗa masa: ta ajiye jakarta, ya tura mata alkaki.
Shi kuma yana raɗa mini abin da tsohon ya haɗiye bai faɗa ba,
abin da ni da idona biyu ban gani ba.

Ƙarshen ba wani ƙarshe ba ne.
Ta ci jarrabawa, mota ta tafi da ita Yamai.
Tsohon na zaune, allura a hannu, zare a cinya.
Zanin gadon ya koma zanin gado.

Na ce in kai shi Birni a kabu-kabuna.
Ya ce ƙashinsa bai yi wa ramukan hanya laifin komai ba.
Muka taka, ina tura babur, yana riƙe da gwiwar hannuna,
muka bi ta gindin manyan duwatsun nan
da suka jingina da juna tun kafin a san sunan kowa.
Yana ta gyara fim ɗin a bakinsa:
nan ya yi tsawo, can da ta matso kusa.
Amma akuyar, ya ce, kar a taɓa ta.

Yanzu ranar Alhamis ba a ganina a fada.
Abokai sun sa mini suna jikan aro,
sun ce shayinsu ya fi wanda nake zuwa sha.
Gaskiyarsu, nasa ba sukari.

Yana da wani tsohon gwangwanin faifai, duk tsatsa,
a ciki yake ajiye goro da maɓallan riga.
Jiya ya miƙo mini allura, bai ce komai ba.
Sau huɗu ina kuskure kafar.
Bai gaggauta ni ba.